Jirgin da Ka Gani a Hoto

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Yawuri lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke, amma sai da takarda. Ka san yadda abin yake. Kai ne na fari, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Sau uku ina shirya magana, in ka shigo gaishe ni sai in ji na ce "Allah Ya yi albarka" kurum, ka tashi ka fita. To abin da baki ya kasa, ga hannu ya ɗauka.

Na ga hoton jirgin da za ka je Yawuri ka sayo, da takardar tallar da ka ɓallo daga bangon tashar Kaura. Ka bar su bisa turmi ka tafi masallaci, na ɗauka na duba. "Jirgin katako, maɗaci zalla, sabon fenti, mai shi zai canza sana'a." Na kuma ga irin kallon da kake yi wa hoton nan. Ka sayar da sanka da ka yi shekara biyu kana kiwo, ka faɗa wa duk Banga cewa bana da jirginka na kanka za ka yi fito a Gulbin Bunsuru. Sana'a ce ta kakanka da mahaifinka, ba ni da abin ƙi a cikinta. Amma damina biyu da ka yi kana riƙe wa wani gorar tuƙi ba su isa su nuna maka komai ba, kuma mutane za ka ɗora a kai, masu iyali da masu goyo. Don haka zan faɗa maka inda ni na yi kuskure. Wasu za ka yi dariya. Ɗaya ba za ka yi ba.

Kakanka da ka ci sunansa bai samu ɗa namiji da wuri ba, ni ce nake bin shi bakin fito can ƙasan Shinkafi. In mun taso makarantar allo da hantsi, in jingine allo in ɗauki gora. Bakin fitonmu matsattse ne. Ta dama akwai wata tsohuwar giyayya da ruwa ya kayar, ta hagu tudun rairayi, tsakaninsu da ƙyar jirgi biyu ke gogar juna su wuce. Ran da ya fara sakar mini juya jirgi a wurin, ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, mutane cike da gaɓa. Na kafe idona ga goshin jirgi, ina tsoron kada ya daki giyayyar. Goshi kuwa ya wuce lafiya lau, har na fara jin kaina. Ban sani ba ashe gindin jirgin ya sharo ta baya, inda wata Bafulatana ke tsaye cikin ruwa iya gwiwa da ƙwaryar nono bisa kai. Ya kwashe ta. Ta zauna daɓas, gulbi ya yi fari.

Ta miƙe tana matse zane ta ce, "Kai Kaɗo! Wagga ɗiya taka mutum ce ko jaka? Ba ta san duka ba sai da baya!"

Kakanka yana danne dariya ya ce, "Yi haƙuri 'yar Fulani. Shekara nawa kuna zuba wa nono ruwa, yau ɗaya an zuba wa ruwa nono."

Ta ce, "Bakinka ya fi jirginka tsawo. Biya ni."

Daminar nan duka kyauta ya riƙa ƙetarar da ita. Ni kuwa bai dake ni ba. Da mutane sunka watse ya ce, "Jirgi ba akuya ba ne da za ki ja kai jiki ya biyo. In goshi ya yi dama taku ɗaya, gindi zai yi hagu taku biyu. Kuma ke a gindin kike tsaye, kin manta da inda ƙafarki take."

Saboda haka, duk sanda za ka juya a wuri matsattse, ka fara waiwayawa. Abin da ke gabanka idon kowa na kansa, har fasinja za su yi maka ihu. Na bayanka kai kaɗai ke da alhakinsa. Kada ka shiga bakin fito ruwa na tura ka ta baya. Ka wuce kaɗan, ka juyo, ka shigo goshi na fuskantar ruwa, don a nan ne jirgi ke jin maganarka. In wurin ya yi ƙunci ƙwarai, kafa goshi inda ruwa ya kwanta, ka riƙe, ka bar gudun ruwan ya juyo maka da gindin da kansa. Ba ya buƙatar ƙarfi, jira yake buƙata. Kuma ko da wasa kada ka sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi biyu don ka tare su. Bar katako ya daki katako.

Na biyu, gora ce. Kakanka ya saro mini sabuwa, daidai hannuna, ina ji da ita. Wata rana na kafa ta cikin laka, ta kama, jirgi na tafiya. Na ja, ta ƙi. Maimakon in saki sai na ƙanƙame. Jirgi ya fita ƙarƙashin ƙafata ya bar ni ina lilo, sannan na faɗa. Kakanka ne ya ɗauki filafilin tuƙi ya juyo da jirgin ya tsamo ni ta wuyan riga. Ina tari ina kuka ina cewa gorata. Ya ce, "Ke da gora wa na haifa? Da ba ni ciki, wa kinka bar wa mutanen ga?" Ka ji. In gora ta kama, sake ta. Gora na nan a daji. Filafili kuwa kullum ya kasance kusa da ƙafarka, ba ƙarƙashin buhunan mutane ba. Kuma kada ka kafa gora ta gefen da ruwa ke turo jirgi, jirgin zai hau kanta ya cira ka sama.

Akwai wata kunya da ta kusa jawo mini abin da ya fi wannan. Malaminmu na allo ya shiga jirgi wata rana, ni ke riƙe da gora. Ya ƙi zama ƙasa don kada rigarsa ta jiƙe, ya ɗosana bisa baki. Na ga jirgi ya karkata, na san abin da ya kamata in ce, amma yaya zan ce wa malamina ya sauka ya zauna? Na ci gaba da tuƙi. Muna shiga tsakiya ruwa ya leƙo ta gefensa ya zubo, mata sunka yi salati sunka zabura gefe guda. Allah ne Ya tsare. Da munka fita malam da kansa ya ce, "Da kin faɗa mini. A makaranta ni ne malam, a nan ke ce."

Na kawo wannan ne saboda zamanin da muke ciki. Mun gode Allah da Ya nuna mana Shari'a a jiharmu, kuma na ji yanzu ko a jirgi ana raba maza da mata. Abu ne mai kyau. Amma na ji wasu na zuba maza gefe ɗaya, mata ɗaya gefen, ko su tara maza da buhuna duk a gaba. Wannan ganganci ne. Ka zaunar da maza gaba, kowane layi nauyin dama daidai da na hagu, ka jera buhuna a tsakiya su zama shamaki, mata su zauna baya. Ka samu sutura, ka samu daidaito. In lissafin ya ƙi, yi sawu biyu. In wani babba ya matsa maka, ko da rawani ko da gemu fari, ka rusuna ka ba shi girmansa, amma kada ka cire gora sai ya zauna inda ka ce. Tsare rai ma Shari'a ce.

Yanzu sai maganar saye, wadda ita ce ta hana ni sukuni.

Bayan an kai ni gidan mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, shi ya gaji fiton. Tsohon kwalekwalen kakanka ya ƙare, ana neman wani. Wani dillali ya zo zaure, ina bayan zana ina saurare. Bai zo da jirgi ba, da baki ya zo. Jirgi ne shuɗi, in ji shi, ko sarki ya shiga ba zai ji kunya ba, kuma mutum uku na zawarcinsa. Mahaifinka mutum ne mai sanyin hali, ya ce zai je ya gani, ya sa a jiƙa shi kwana biyu tukuna. Da ya shigo na hana shi sakat. Na ce ni a jirgi na tashi, daga jin siffarsa na san mai kyau ne, in ya tsaya jinkiri wani zai ɗauke. Gaskiyar magana, so nake matan gari su ga jirgin mijina shuɗi. Ban ga jirgin ba, mai sunan Baba. Da kunne na saya.

Sati bai cika ba ya fara shan ruwa. Damina shida mahaifinka na tuƙi yana kwasa, yana toshewa da auduga da kwalta, wani wurin na buɗewa. Tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya tsage don tsayuwa cikin ruwa, ni nake shafa masa man kaɗe. Bai taɓa cewa ke kinka sa ba. Iyaka wata rana ina shafawa ya ce, "Rabin gulbin ga ni na kwashe shi da ƙwarya na mayar mashi, ko na gode bai ce ba." Ya yi dariya. Ni ban iya yi ba.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa maka ba.

Shekarar da anka yanke jiharmu daga Sakkwato mahaifinka ya rasu. Kana Kaura wajen karatu. Na fita takaba, kawunka zai kawo ni nan Banga, sai a sayar da jirgi. An jawo shi bayan gida, na sa an toshe shi an shafa kwalta da fenti. Wannan gyara ne, babu laifi. Amma da na leƙa ciki sai na ga wurin kwasar ruwa, can wajen gindi. Shekara shida ƙwarya na kankarar wuri ɗaya, katakon ya lotsa ya yi sumul kamar cikin turmi. Ga ƙwaryar kanta, bakinta ya cinye ta gefe guda. Na san duk ɗan ruwa in ya ga waɗannan biyu ya gama karanta jirgin. Sai na ɗauke tsohuwar ƙwaryar na ɓoye, na aje sabuwa. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa bisa lotsawar.

Wanda ya zo saye wani bawan Allah ne daga wajen Jangeru, Ɗanjuma. Manomi ne mai 'yan dabbobi, yana son ya gwada fito, bai san ruwa ba. Ya zagaya jirgi yana shafa fenti, sannan ya zo bakin zaure ya yi sallama ya ce, "Inna, don Allah yana shan ruwa?"

Na ce, "Ga shi nan, duba da idonka."

Na gaya wa raina ban yi ƙarya ba. Ni da na zauna gaban malam na karanta cewa ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne, na san bakin da ya yi shiru da hannun da ya shimfiɗa tabarma duk za a tambaye su. Na sani sarai. Ina ganin marayu gare ni, shi ke nan na rufe ido.

Damina ta yi wata guda, jirgin ya buɗe da shi tsakiyar gulbi, cike da mutane. Allah Ya sa kusa da tudun rairayi ne, ba a rasa rai ba. Hatsin mutane ya tafi. An ce wata mata ta tsaya ruwa iya wuya, ta ɗaga jaririnta bisa kai da hannu biyu, har anka zo anka karɓe shi.

Ɗanjuma ya tako har Banga. Ya zauna zauren kawunka ya aiko a gaishe ni. Na zo bayan ƙofa na tsaya. Bai zage ni ba, bai ce zai kai ni gaban alƙali ba. Ya turo wani abu ta ƙasan labule ya ce, "Inna, ga ƙwaryarki. Ita ɗai ce mai lafiya cikin abin da na saya."

Na roƙe shi gafara ina kuka. Ni da kawunka munka yi abin da za mu iya na mayar masa da haƙƙinsa, ya ce ya yafe, Allah Ya saka masa da Aljanna. Amma matar nan ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. An nema ba a samu ba. Har yau ban gama salla ba tare da na sa ta a addu'a ba. Ka daɗe kana zagin dillali kan maganar nan, ina ji ina shiru. Babu dillali a wannan cinikin. Uwarka ce.

To ka san ko wace ce ta duba hotonka. Mai jirgin na zaune ciki, wajen gindi, bisa tabarma. Ban ce halina gare shi ba, zato zunubi ne, wataƙila katako ne ya yi masa zafi. Amma na ga tabarma. Na ga jirgin bisa tudu yake, ba cikin ruwa ba, kuma ciyawa ta tsiro ta kewaye cikinsa, ka san ba jiya anka jawo shi ba. Gefe ɗaya anka ɗauka. Sannan ina tambayar kaina, wa ke rabuwa da jirgi mai lafiya ana saura kwanaki ruwa ya sauka, lokacin da jirgi ke ciyar da gida? Akwai dalilai na halal, rasuwa ko ciwo ko tafiya. Ka tambaya, ka ji wanne ne.

In ka isa, kada ka fara da mai shi. Ka je bakin ruwa ka gaida masu jirage da mata masu wanki, ka tambaye su jirgin wane. Su sun ga sau nawa yake tsayawa kwasa. Sannan ka je wurinsa da ladabi, ka ce ya ɗaga tabarma. Shafa wurin da tafin hannunka. Ka ce ya nuna maka abin da yake kwasar ruwa da shi, in sabo ne fil ka tambayi tsohon. Bi katako ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya na amsawa, ruɓaɓɓe kamar ka daki buhun dusa. Na naɗe maka basillata cikin takardar nan. Duk inda kwalta ta yi kauri, da gindin kowace ƙusa, soka. In ta shige ba gardama, to. Kankare fenti kaɗan ta ciki, maɗaci ja ne mai nauyi, in ka ga fari mai taushi rimi ne anka yi wa kwalliya. Ka dubi idonsa ka ce, don Allah yana shan ruwa? Mutumin kirki zai ce eh, kaɗan, ga wurin, don babu jirgin da ba ya sha. In ya ce duba da idonka, ka riga ka san mai irin wannan amsa.

Ko duk wannan ya yi kyau, kada kuɗi su bar aljihunka sai an tura shi ruwa. Jirgin da ya bushe dole ya zuba da farko, ba shi kwana biyu katako ya kumbura. Sannan ka kwashe shi tas, ka loda masa buhunan rairayi nauyin mutanen da za ka ɗauka, ka ja layi da gawayi daidai inda ruwa ya tsaya a jikinsa, ka bar shi ya kwana. Da safe layin zai gaya maka abin da takardar talla ba ta rubuta ba. Daga nan ka hau da kanka, ka nemi wuri mafi ƙunci ka juya shi dama da hagu. Jirgin da ya murɗe gefe ɗaya yake ja, kuma ba ya gyaruwa.

Na san abin da zai kama ka a can, don jinina ne a jikinka. Ba wauta ba ce, kunya ce. Za ka ga aibin da idonka, sai ka tuna ka yi doguwar tafiya, ka tuna sanka ya tafi, ka tuna samarin Banga a bakin masallaci suna cewa ina jirgin, Sarkin Ruwa? Sai zuciya ta ce maka ai kwalta za ta rufe. Haka ta ce mini.

Saboda haka ga abin da zan iya yi maka. Ni mahaifiyarka, da hankalina, na hana ka sayen duk jirgin da bai kwana cikin ruwa da kaya a gaban idonka ba, ko wanda ya kwana layin ya nutse. Ban yafe ba in ka saya. Ban taɓa ce maka ban yafe ba tun da na haife ka. In jirgin bai yi ba, ka juyo gida hannu biyu. Duk wanda ya tare ka da dariya ka ce tsohuwa ce ta hana, ka bar su su yi da ni, ni ina cikin gida, ba ya isowa kunnena. Kuma ba ƙarya ka yi ba, ga shi a rubuce. Gero na nan da za mu shuka, wata damina na zuwa in muna da rai.

In kuwa ya kwana lafiya, layi na nan inda ka ja shi, to ka saya da albarkata, ka yi bisimilla ka kafa gora.

Allah Ya kai ka lafiya Ya maido ka lafiya, da jirgi ko ba jirgi. Allah Ya sa duk wanda ya taka jirginka ya taka gaɓa da ƙafarsa. Allah Ya jiƙan kakanka da mahaifinka, Ya yafe mini, kai ma ka yafe mini. Kada ka bar salla ta wuce ka a hanya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
daga Banga.